Tarke a kan Kalmar "Guruf" da Yadda Ake Amfani da Ita a Hausar Paraku da Jugu

1.0 Gabatarwa

Daga cikin kalmomin da ɗalibin fassara yake ɗauka ya gama da su tun a makon farko akwai kalmar Ingilishi "group". An ce masa ma'anarta ƙungiya, ya rubuta a littafinsa, ya wuce. Wanda kuma bai damu da fassara ba sai ya ɗauko ta yadda take, ya ce "guruf". Wannan takarda za ta yi tarken waɗannan hanyoyi biyu, ta hanyar duba yadda kalmar take yawo a bakin Hausawan wasu garuruwa biyu na arewacin Jamhuriyar Benin, wato Paraku da Jugu, waɗanda ake rubutawa Parakou da Djougou a takardun hukuma. An zaɓi garuruwan ne saboda a can kalmar ta shigo Hausa ta ƙofa biyu, ta Ingilishi da ta Faransanci.

Ra'ayin da takardar ta ginu a kai shi ne: kalmar Turawa tana nuna cewa mutane ko abubuwa suna tare, amma ba ta faɗin abin da ya haɗa su. Ita kuwa Hausa tana tilasta wa mai magana ya faɗi wannan abin. Saboda haka duk wanda ya fassara kalmar zuwa Hausa ya yanke hukunci, ko ya sani ko bai sani ba, kuma akwai wuraren da hukuncin yake taɓa dukiya da rayukan mutane.

2.0 Matsayin Hausa a Paraku da Jugu

Hausa ba baƙuwa ba ce a wannan yanki. Tun kafin zuwan Turawa, fatake daga Kano da Katsina da Sakkwato suna ratsa ƙasar Bargu, su bi ta Nikki da Jugu, su nufi Salaga a ƙasar Gwanja domin sayen goro. A shekarar 1826 Baturen nan Clapperton ya gamu da irin wannan ayari a Kayama, yana dawowa daga Gwanja da mutane kusan dubu. A Jugu, 'yan kasuwa Musulmi sun zauna a unguwar Wangara, gidan sarauta kuma yana Kilir. Paraku ma tana da nata Zango, da babbar kasuwarta Arzeke, wadda sunanta ya fito daga tushe ɗaya da kalmar arziki.

Sai dai Hausa ba ita ce ke mulkin kasuwa a nan ba. Harshen Dendi shi ne ya fi haɗa mutanen cikin gari, ga Batonu a kewayen Paraku, ga Yom da Lokpa a kewayen Jugu, ga Fulatanci da Yarbanci. Harshen hukuma da makaranta kuwa Faransanci ne. Layin dogo daga Kwatano ya iso Paraku a 1936, garin ya zama matattarar direbobi da 'yan kasuwar Nijar, an kuma buɗe jami'a a 2001. A ɗaya gefen, iyakar Nijeriya tana kusa, ta hanyar Nikki zuwa Cikanda, ga kuma finafinan Kano da shirye-shiryen rediyo. Ke nan Bahaushen wannan yanki yana jin aron Faransanci irin su lakwal da biro da jandarma, yana kuma jin aron Ingilishi irin su ofis da fursuna da asibiti.

3.0 Asalin Kalmar da Shigarta Hausa

3.1 Asali

Ingilishi ma aro ta yi. Ta karɓi kalmar daga Faransanci "groupe" a wajajen ƙarshen ƙarni na 17, Faransanci kuma ta karɓa daga Italiyanci "gruppo", wadda asalin ma'anarta ƙulli. Da farko masu zane da sassaƙa ne suke amfani da ita, suna nufin surori da yawa da aka tsara wuri guda a cikin zane ɗaya. Daga baya ma'anar ta faɗaɗa, har ta kai ga ana kiran duk wasu abubuwa da aka haɗa wuri ɗaya da wannan suna, ko mutane ne, ko taurari, ko kamfanoni. A taƙaice, kalmar ta fara da ƙulli, amma yau ba ta gaya wa kowa irin igiyar da aka yi ƙullin da ita.

Da yake furucin kalmar a Ingilishi da Faransanci kusan ɗaya ne, ba a iya rarrabe ta ƙofar da ta shigo da jin sauti kawai. Ma'ana ce take tona asirin, kamar yadda za a gani a sashe na 5.0.

3.2 Sauti da Nahawu

Kalmar ta bi ƙa'idojin da sauran kalmomin aro suka bi. Na farko, Hausa ba ta fara kalma da baƙaƙe biyu a jere, don haka aka saka wasali tsakanin /g/ da /r/, kamar yadda aka yi a burodi da direba da kulob. Na biyu, /p/ ta koma /f/ a bakin mafi yawan Hausawan Nijeriya, kamar a kofi da fensir. Waɗanda suka yi karatun Faransanci, ko suka tashi da Dendi a baki, sukan riƙe /p/, su ce "gurup". A wannan takarda an bi daidaitacciyar Hausa, an rubuta guruf.

Ta fuskar nahawu, kalmar namiji ce, tunda ba ta ƙare da wasalin /a/ ba. Da yake ta ƙare da baƙi, tana ɗaukar "ɗin" wajen nasaba, jam'inta kuma ta hanyar ninki ne, irin na joji-joji da kulob-kulob:

(1) Guruf ɗinmu ya cika.
(2) Guruf-guruf sun yi mini yawa a waya.

Waɗannan misalai sun nuna cewa kalmar ta riga ta sa rigar Hausa. Abin tambaya a yanzu shi ne iyakar gonarta.

4.0 Abin da Hausa Take Bambantawa

Hausawa sun ce tsintsiya maɗaurinki ɗaya. Idan aka duba kalmomin da Hausa take da su na mutane da yawa, za a tarar kowace tana nuna irin maɗaurin da ya ɗaure su.

Ƙungiya ita ce wadda aka kafa da niyya, tana da suna da shugaba da manufa. Ana kafa ta, ana shiga, ana kora, ana rushe ta. Tana nan ko da 'ya'yanta sun koma gida sun kwanta. Buffles ta Paraku da Panthères ta Jugu ƙungiyoyin ƙwallo ne.

Rukuni, wanda aka aro daga Larabci, kashi ne da wani ya kasa bisa wata siffa. Waɗanda suke cikinsa ba lallai su san juna ba, balle su so juna. A wasannin neman gurbin gasar cin kofin duniya ta 2026, Benin da Nijeriya sun faɗa rukunin C. Benin ta ci Nijeriya 2 da 1 a Abijan a watan Yunin 2024, Nijeriya ta rama da 4 da nema a Uyo a watan Oktoban 2025. Wanda ya ce "ƙungiyar C" ya mayar da abokan hamayya 'yan gida ɗaya. Haka nan ake cewa rukunin jini, da Rukunin Kamfanonin Dangote.

Gungu mutane ne da suka dunƙule wuri guda ba tare da tsari sananne ba. Kalmar takan zo da ɗan zargi, shi ya sa aka fi jin gungun ɓarayi da gungun 'yan daba.

Ayari tafiya ce ta haɗa su. Ayarin fataken Gwanja yana da madugu mai shugabanci, da jagaba mai nuna hanya, da uban dawaki mai kula da biyan kuɗin fito da na hanya. Duk da wannan tsari ba a kiran sa ƙungiya, domin da zarar an iso gida an sauke kaya, ayari ya ƙare.

Tawaga kuwa aike ne ya haɗa ta, tana wakiltar wanda ya tura ta. Taro wuri da lokaci ne suka haɗa shi, idan ya watse ya watse. Gayya aiki ne ya tara ta. Jama'a ta fi duka faɗi, domin ta haɗa da yaro da babba, da wanda ya zo da wanda bai zo ba. Garke na dabbobi ne, kuma wanda ya kira mutane da shi zagi ya yi.

Har a wajen dacewar suna da aikatau ana ganin bambancin:

(3) Ƙungiyar direbobi ta yanke shawara.
(4) Gungun ɓarayi sun fasa shago.
(5) Ayari ya tashi da asuba.
(6) Jama'a sun yi na'am.

A misali na (3) ana kallon ƙungiya tamkar mutum ɗaya mai baki ɗaya, wanda za a iya kai ƙara ko a yi yarjejeniya da shi. A misali na (4) kuwa hankali yana kan ɗaiɗaikun mutanen. Duk waɗannan ana iya kiran su da kalma ɗaya a Ingilishi ko Faransanci, kuma babu wanda zai ce an yi kuskure.

5.0 Inda "Guruf" Ta Samu Wurin Zama

A maganar yau da kullum ta Paraku da Jugu, ana iya ware ma'anoni huɗu da kalmar aron ta riƙe.

Ta farko ita ce ta wayar hannu. Manhajar WhatsApp ta fito a 2009, ta ƙara damar hirar mutane da yawa a 2011, kuma wannan ce ta yaɗa kalmar har ga waɗanda ba su taɓa shiga aji ba. A lura da aikatau da suke tafiya da ita:

(7) Ya buɗe guruf na 'yan kasuwar shanu.
(8) Wa ya sa ni a guruf ɗin nan?
(9) An cire shi daga guruf.

Ƙungiya kafa ta ake yi, guruf kuwa buɗe shi ake yi, kamar ɗaki ko shago. Ƙungiya mutum ne yake shiga da ƙafarsa, guruf kuwa ana iya wayar gari a ga an saka mutum ba da saninsa ba. Wannan ya nuna cewa Bahaushe yana kallon guruf a matsayin wuri. Saboda haka 'yan jaridar da suke cewa "zauren WhatsApp" sun dace da yadda masu harshen suke tunani, fiye da masu cewa "ƙungiyar WhatsApp".

Ta biyu ita ce ta aji, inda malami yake raba ɗalibai kashi-kashi domin wani aiki. A nan rukuni ko kashi sun wadatar, amma guruf ta riga ta kama bakin 'yan makaranta.

Sauran biyun daga Faransanci kaɗai suka zo. A Benin, babbar makarantar firamare ta gwamnati takan kasu gida-gida, kowane da shugabansa, ana kiran su da haruffa. Idan uba ya ce ɗansa yana guruf B, makaranta sukutum yake nufi. Sannan akwai injin ba da wuta, wanda cikakken sunansa a Faransanci "groupe électrogène", amma aka gajarta shi. Abin da Bakano yake kira janareta, shi mai walda a Jugu yake kira gurup. Don haka jimla irin wannan tana da fuska biyu:

(10) Guruf ɗin ya mutu tun jiya.

Baƙo daga Zariya zai ɗauka an daina hira a waya, mai gida kuwa yana kukan rashin wuta ne. Wannan misali ya isa ya nuna wa ɗalibi cewa kalmar aro ba ta zuwa da duk kayanta, kuma kayan da ta zo da su sun danganta da ƙofar da ta biyo.

6.0 Inda Sakaci Yake Cutarwa

6.1 Bashi

Yankin Bargu ƙasar auduga ce. Shekaru da dama a baya manoman Benin sun riƙa karɓar taki da maganin ƙwari bashi ta hanyar abin da ake kira "groupement villageois", bisa sharaɗin da Faransanci ya kira "caution solidaire". Ma'anar sharaɗin ita ce, idan mutum ɗaya ya kasa biya, za a cire bashinsa daga kuɗin audugar sauran. Wannan ya jawo rigingimu a ƙauyuka, domin manomin da ya yi ƙoƙari yakan biya wa wanda ya karkatar da takinsa. Haka kuma shirye-shiryen ba da ƙananan rance ga mata, irin wanda gwamnatin Boni Yayi ta ƙaddamar a 2007 da sefa 30,000 ga kowace mace, sun dogara ne a kan haɗa mata kashi-kashi suna lamuntar juna.

To, a ɗauka tafinta ya tsaya gaban mata a Zango ya ce, "Ku yi guruf, za a ba ku kuɗi." Bai yi ƙarya ba, amma bai faɗi komai ba. Wadda ta san guruf na waya ta san ana fita daga cikinsa da danna maɓalli. Wadda ta kwatanta shi da adashi ta san cewa a adashi kuɗinta take zubawa ta kwasa, kuma idan wata ta gudu uwar adashi ake fara tuhuma. Babu ɗayansu da ta ji cewa ta zama mai lamuni. Fassarar da ta dace doguwa ce, amma ita ce gaskiya: ƙungiyar lamunin juna, wadda bashin ɗaya yake kan kowa. Gajarta magana a irin wannan wuri zalunci ne ga mai sauraro.

Ita ma kalmar ƙungiya tana da nata nauyi a gaban hukuma. Benin ta daɗe tana yi wa ƙungiyoyi rajista bisa dokar Faransa ta 1901, kafin ta yi tata sabuwar doka a 2025. Samarin da suke haɗuwa shan shayi a ƙofar gida majalisa ce, ko fada kamar yadda ake cewa a Nijar. Wanda ya rubuta su a takarda da sunan ƙungiya ya jawo musu tambayar da ba su da amsarta, wato ina rajista, wane ne shugaba.

6.2 Tsaro

Tun ƙarshen 2021 arewacin Benin yake fama da hare-hare a jihohin Alibori da Atakora, waɗanda suke arewa da Paraku da Jugu. A watan Afrilun 2025 gwamnati ta tabbatar da mutuwar sojoji 54 a hare-haren da aka kai yankin gandun dajin W. Masu ɗaukar alhakin yawancin hare-haren su ne waɗanda ake kira JNIM, da aka kafa a Mali a 2017. Sunansu na Larabci ya fara da "Jama'at", Faransanci da Ingilishi kuma suka fassara wannan da kalmar da muke nazari.

A nan mai fassara yana da zaɓi uku, kuma kowanne da abin da yake haifarwa. Idan ya ce ƙungiya, ya nuna akwai suna da shugabanci da manufa, kuma wannan daidai ne ga JNIM, kamar yadda ake cewa ƙungiyar Boko Haram ba tare da an yaba mata ba. Idan ya ce gungu, ya nuna 'yan ta'adi ne marasa tsari, irin masu fashi ko satar shanu. Sanarwar da ta ce "groupe armé" ba tare da suna ba, ba ta zaɓi ko ɗaya ba. Mai fassarar da ya ce ƙungiya ya ƙara labarin da ba a ba shi ba, ya kuma tayar da hankalin gari. Wanda ya ce gungu alhali ƙungiya ce ya rage girman haɗarin. Mafita a irin wannan hali ita ce a ce "wasu 'yan bindiga", a tsaya inda labarin ya tsaya.

Zaɓi na uku shi ne mafi muni, wato a ce jama'a, don kawai haka sunan yake a Larabci. A Hausa jama'a tana nufin al'umma duka, kuma kalma ce mai daraja tun zamanin Jama'ar Shehu Usmanu a Ɗagel. A yankin da ake yawan ɗora wa makiyaya laifin da wasu ƙalilan suka aikata, jimla irin "jama'ar daji sun kai hari" tana iya sa a kama wanda bai ji ba bai gani ba. Wake ɗaya ke ɓata gari, bai kamata mai fassara ya taya shi ba.

7.0 Tarken Hanyoyin Koyarwa

Akwai ra'ayoyi biyu da wannan takarda ba ta gamsu da su ba. Na farko shi ne na masu cewa a kori guruf daga Hausa gaba ɗaya saboda baƙuwa ce. Waɗannan sun manta cewa rukuni da jama'a da majalisa duk baƙi ne daga Larabci, kuma kulob da kwamiti da kamfani daga Ingilishi suka zo. Guruf ta cika sharuɗɗan zama 'yar gida, tana da jinsi da jam'i da aikatau nata, kuma ta sami aikin da ƙungiya ba ta yi. Korar ta daga littafi ba zai kore ta daga kasuwar Arzeke ba.

Na biyu shi ne na masu koyar da kalmomi a jere, kalma ɗaya gefen hagu, ma'ana ɗaya gefen dama. Wannan hanya ita ce ta haifar da ɗaliban da suke rubuta "ƙungiyar jini" da "ƙungiyar tumaki". Ƙamus, tun daga na Bargery na 1934 har zuwa Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006, kayan aiki ne mai tara kalmomi, amma zaɓe tsakaninsu a cikin jimla aikin mai fassara ne. Laifin yana ga malamin da ya bar ɗalibi ya ɗauki kalmar farko da idonsa ya faɗa a kai.

Shawarar da ake bayarwa ita ce, kafin ɗalibi ya fassara kalmar, ya yi wa kansa tambayoyi huɗu. Shin mutanen da kansu suka haɗu, ko wani ne ya kasa su? Shin suna da suna da shugaba? Shin haɗuwar tana ɗorewa bayan an watse? Shin abin da ɗaya ya yi yana hawa kan sauran? Amsoshin za su kai shi ga ƙungiya, ko rukuni, ko gungu, ko taro. Idan kuma nassin da ke gabansa bai ba da amsa ba, sai ya nemi lafazin da bai wuce nassin ba, kamar "wasu mutane".

8.0 Kammalawa

Wannan takarda ta bi kalmar "group" daga asalinta na Italiyanci zuwa bakin Hausawan Paraku da Jugu, inda ta shigo ta Ingilishi da Faransanci, ta zama guruf. An ga cewa ta zauna daram a fagen waya da makaranta da injin wuta, kuma babu dalilin tayar da ita daga can. An kuma ga cewa a fagen bashi da doka da tsaro, amfani da ita, ko maye gurbinta da ƙungiya ido rufe, yana ɓoye abin da mai sauraro ya fi bukatar sani, wato maɗaurin da ya ɗaure mutanen da nauyin da ya hau kansu. Akwai bukatar ɗalibai su faɗaɗa irin wannan nazari zuwa ga kulob da kwamiti da kamfani, su kuma kwatanta Hausar Benin da ta Gana, inda Ingilishi ne harshen hukuma, domin a ga abin da kowace ƙofa ta shigo da shi.